Sharhi: Hausawan Makka Da Buƙatar Ƙungiyar Abokan Ɗakin Karatu

Duk alhajin da ya sauka a Makka daga Nijeriya ko Jamhuriyar Nijar a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai san Kudai ba. Unguwa ce da ke kudu da Masallacin Harami, gaba da Misfala, inda hukumomin alhazai kan kama wa mutanensu masauki, inda kuma motocin safa ke jigilar masallata zuwa Harami dare da rana. A nan ne aka gina masana'antar tacewa da ɗura ruwan Zamzam ta Sarki Abdullah, wadda aka buɗe a shekarar 2010 da ƙarfin cika jarka 200,000 a kowace rana. A lokacin aikin Hajji kuwa, ana ciniki da Hausa a titunanta, ana tambayar hanya da Hausa, ana sulhunta masu gardama da Hausa.

Abin da ya kamata a ƙara wa wannan yanki shi ne majalisin littafi, watau ƙungiyar mutanen gari da za su riƙa taruwa a kai a kai domin tallafa wa ɗakin karatu da kuma ceto takardun da Hausawan Makka suka gada. Wasu za su ɗauka cewa tarurrukan irin wannan ƙungiya, da shan shayi da karatun waƙa da hira da dattawa, ƙawa ce kawai da ake yi bayan an gama aikin gaske. Tarihin Makka da na ƙasar Hausa sun nuna cewa a irin waɗannan tarurruka ne ake samun mutanen da ke riƙe littafi idan ranar wahala ta zo.

Hausawa ba baƙi ba ne a Hijaz. Tun ƙarnoni da dama mutanen Afirka ta Yamma ke bin hanyar ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, wasu su shafe shekaru suna noma da fatauci a hanya kafin su tara kuɗin tsallakawa zuwa Jidda. Kwararar ta ƙaru bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kama hanyar gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, inda garin da suka kafa a gefen Kogin Nilu yake ɗauke da sunansa. Wasu kuma ba su tsaya ba sai Makka da Madina. Jikokinsu ne a yau ake kira da sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi, kuma da yawansu 'yan ƙasar Sa'udiyya ne, cikinsu har da malaman jami'a da limamai da 'yan ƙwallon ƙafa irin su Usama Hausawi, wanda ya yi wa ƙasar kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018. Sheikh Umar Fallata, wanda ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa rasuwarsa a ƙarshen shekarun 1990, an haife shi ne a kusa da Makka a daidai ƙarshen doguwar tafiyar da iyayensa suka yi daga Afirka ta Yamma.

Waɗannan matafiya ba su zo hannu rabbana ba. Malamin da ya bar Kano ko Katsina ko Damagaram ya zo da gafakarsa. A cikinta akwai Alƙur'ani rubutun hannu, da littattafan fiƙihu da aka kwafa a zaure, da waƙoƙin wa'azi da ajami, da ijazar da ke nuna wanda ya karantar da shi da wanda ya karantar da malaminsa. Bayan sun zauna, wasiƙu suka riƙa zuwa daga gida ta hannun alhazai, ana sanar da haihuwa da rasuwa da rabon gado. Akwai takardun tafiya na zamanin mulkin mallaka masu hatimin Fort Lamy da Khartum, akwai kuma hotuna. Irin waɗannan takardu su ne tarihin hijirar da ta haɗa ƙasar Hausa da Hijaz, kuma wurin ajiyarsu bai wuce akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa ba.

Abin ban sha'awa shi ne yadda girkin Hausawa ya riga takardunsu shiga gari. Mutumin Makka ko Jidda ya san naman da yake kira siriye, wanda ba wani abu ba ne illa tsire da yajinsa na ƙuli-ƙuli. Yaron da kakansa ya kawo wannan sana'a kuwa, sau da yawa Larabci kaɗai yake ji sosai. Ko da ya iya gaisuwa da Hausa, wasiƙar ajami da kakan nasa ya bari ta zame masa kamar zane, domin haruffan ya san su, amma maganar ba ya gane ta. Ranar da tsohuwar da ta san abin da ke cikin akwatin ta kwanta dama, magada na iya ɗaukar takardun a matsayin tarkace.

Wani dalilin gaggawa shi ne yadda birnin kansa ke sauyawa. Faɗaɗa Harami da ginin Jabal Umar da babban titin nan na Sarki Abdul'aziz da ake kira Masar, sun tashi tsofaffin unguwanni da dama, ciki har da sassan da mutanen Afirka ta Yamma suka daɗe suna zaune a yammacin birnin, wajen Shari Mansur da Hindawiyya. Ba a musun cewa Makka na buƙatar hanyoyi da masaukai domin miliyoyin baƙinta. To amma duk wanda ya taɓa tashi daga gida ya san abin da ake fara zubarwa idan mota ta cika. Ana ɗaukar firiji da katifa, tsohuwar takarda kuwa sai wadda Allah ya yi da sauran kwananta. Bugu da ƙari, maƙwabtan da suka san labarin juna sun warwatsu zuwa unguwanni daban-daban, majalisun ƙofar gida da ake ba da tarihi a cikinsu sun ragu.

Ƙasar Hausa ta sha ganin yadda littattafan malamanta ke ƙarewa a hannun wanda ya kula da su. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya yi aikin Hajji ya zauna a Hijaz, daga bisani ya koma Alƙahira inda ya rasu wajen shekarar 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma shi ya bar wa littattafansa. Malam Umaru Falke na Kano, malami kuma ɗan kasuwa da ya rasu a 1962, ya bar rubuce-rubuce fiye da 3,000, waɗanda a yau suke ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern a ƙasar Amurka. Babu laifi a kan waɗanda suka adana, hasali ma sun cancanci godiya. Sai dai ɗalibin Kano da ke son nazarin abin da Falke ya tara, sai ya nemi biza ko ya dogara da abin da aka ɗauka a hoto.

A nan ne maganar ƙungiyar abokan ɗakin karatu ta shigo. A ƙasashen Turai an daɗe da wannan tsari. An kafa ƙungiyar abokan babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a 1913, ta ɗakin karatu na Bodleian a Jami'ar Oxford a 1925, sannan ta abokan ɗakunan karatu na ƙasa a Ingila a 1931. 'Ya'yan irin waɗannan ƙungiyoyi ba ma'aikatan laburare ba ne. Mutanen gari ne da ke biyan kuɗin shiga, suna shirya lacca da nunin tsofaffin littattafai da liyafa, abin da aka samu kuma a sayi wani rubutu da ake gudun kada ya salwanta ko ya bar ƙasar. Amfanin liyafar ya wuce kuɗin da ake tarawa, domin a wajenta ne mai tsohuwar takarda ke haɗuwa da wanda ya san darajarta, har yarda ta shiga tsakaninsu.

Makka ba ta buƙatar aron wannan darasi daga Turai, domin tana da nata. Ɗakin Karatu na Makka da ke gabas da Harami, a wurin da aka daɗe ana cewa nan ne aka haifi Manzon Allah, Sheikh Abbas Ƙaɗɗan ne ya gina shi a farkon shekarun 1950 da dukiyar 'yar'uwarsa Faɗima, aka kuma zuba masa littattafan da Majid Kurdi, mai maɗaba'a a Makka, ya tara a rayuwarsa. Makarantar Saulatiyya, wadda ta yaye malamai daga sassan duniya, Sheikh Rahmatullah na Indiya ne ya kafa ta a shekarun 1870 da gudummawar wata hajiya daga Kalkata mai suna Saulatun Nisa. Ɗakin Karatu na Harami kansa, da waƙafin sarakuna da malamai da attajirai ya bunƙasa, kuma lokacin da aka ba shi wannan suna a 1938, a zamanin Sarki Abdul'aziz, majalisar malaman gari aka ɗora wa kula da shi. A Jidda kuma, Abdul Maƙsud Khoja ya buɗe gidansa daga 1982 yana karrama marubuta da masana a daren Litinin, ana jawabi ana cin abinci, kuma abin da aka faɗa a waɗannan zama an buga shi a mujalladai masu yawa kafin rasuwarsa a 2022. Wanda ya shirya majalisin littafi a Makka, al'adar gari ya bi.

Haka nan al'adar Hausa ya bi. Littafi a ƙasar Hausa a bainar jama'a ya rayu, a majalisin tafsiri da karatun Ashafa na watan azumi da zaman Ishiriniya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta san cewa waƙar da ke cikin takarda ba za ta kai ƙauye da ƙafarta ba, shi ya sa ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajis masu malfa waɗanda ke zuwa wurinta su koya, su koma su rera wa mata a garuruwansu. A Sakkwato kuma, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya riƙe littattafan gidan Giɗaɗo ya buɗe ƙofarsa ga masu bincike, kuma daga wannan taska ce Murray Last ya samo kaso mai yawa na abin da ya rubuta a littafinsa na tarihin daular Sakkwato da aka buga a 1967.

Misali mafi kusa na abin da irin wannan haɗin kai ke iya yi, a Timbuktu aka gan shi. A 1996 iyalan da ke da ɗakunan karatu na gado suka kafa ƙungiyar SAVAMA, wadda Abdulƙadir Haidara ya jagoranta. Shekaru suka yi suna taro da nune-nune da koya wa matasa gyaran takarda. Da masu ɗauke da makamai suka mamaye birnin a 2012, wannan sanayya ce ta sa iyalai suka yarda suka miƙa dukiyar kakanninsu, aka zuba ta cikin akwatunan ƙarfe, aka bi da ita ta mota da kwalekwale har Bamako. Rubuce-rubucen da aka fitar sun haura 300,000. A watan Janairun 2013, kimanin 4,000 da suka rage a sabon ginin Cibiyar Ahmad Baba aka ƙone ko aka yi awon gaba da su. Makka gari ne na aminci, ba a yi mata fatan irin wannan rana. Amma gara da danshi da tashin gida da rabon gado suna cin takarda a hankali, ba tare da an ji labarinsu a rediyo ba.

Tarurrukan da ƙungiyar Hausawan Makka za ta shirya ba sai sun ci kuɗi mai yawa ba. Na farko shi ne zaman dattawa, a gayyaci tsoho ko tsohuwa da ta san labarin hanyar ƙasa daga bakin iyayenta, a ɗauki muryarta da izininta, a rubuta da Hausa da Larabci. Na biyu, ranar kawo takarda, inda kowane gida zai zo da abin da yake da shi, wanda ya iya ajami ya karanta a gaban jama'a, a ɗauki hoto, mai kaya ya koma gida da kayansa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin babu wanda zai fito da gadonsa idan yana tsoron za a karɓe. Na uku, ajin yara na ƙarshen mako, a koya musu karanta Hausa da boko da ajami, a yi musu tatsuniya da kacici-kacici. Na huɗu, zaman mata na musamman, tun da yake a hannunsu mafi yawan akwatunan suke. A watan azumi kuma, lokacin da masu Umra ke cika gari, ana iya shan ruwa tare da malamai da marubutan da suka zo daga gida, kowa ya bar kwafin littafinsa.

Kudai ta dace da wannan aiki saboda mahaɗa ce. A nan mazauna gari ke gamuwa da baƙi daga gida, waɗanda yawansu ba kaɗan ba ne, tun da a 2023 kujeru 95,000 aka ware wa Nijeriya kaɗai. A cikin wannan taro akwai alƙalai da malaman jami'a da mahaddata da suka iya karanta kowane irin rubutun hannu. Akwai kuma wanda zai ji an karanta sunan unguwarsu a wata wasiƙa ta shekara 80, ya gane dangin da aka daɗe da yanke ƙauna da su. Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. Ga kuma ɗaliban Nijeriya da Nijar da Ghana da ke Jami'ar Ummul Ƙura, waɗanda za su iya ɗaukar nauyin jera sunayen takardun da bayaninsu.

Akwai masu cewa alhaji ibada ta kawo shi, bai kamata a shagaltar da shi ba. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai kira taro a ranakun Mina da Arfa. Sai dai alhazai kan yi makonni a Makka kafin Hajji da bayansa, kuma sa'o'in da ake ɓatarwa a kasuwar zinariya da shagunan jallabiya sun isa a yi zama guda na ilimi. Tun asali ma, Hajji ya kasance lokacin da malamai ke musayar littattafai da ijaza. Wasu kuma na cewa zamani ya wuce ɗakin karatu, komai na cikin wayar hannu. Abin da aka ɗora a intanet shi ne ke cikin waya, kuma wasiƙar da ke ƙarƙashin gado ba za ta hau da kanta ba sai wani ya zauna da mai ita ya sha shayi.

Magana mafi nauyi ita ce ta doka. Sa'udiyya ba ƙasar da ake tara jama'a ko karɓar gudummawa ba tare da izini ba ce, kuma tana da dokar ƙungiyoyin sa-kai ta 2015 da ta shimfiɗa yadda ake rajista. Saboda haka jagoranci ya rataya ne a wuyan Hausawa 'yan ƙasa, su ne za su nemi izini, su kuma jingina aikin da wani ɗakin karatu da hukuma ta sani. Lokacin ma ya dace, domin a 2020 aka kafa Hukumar Ɗakunan Karatu a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, aka kuma sanar da shirin mayar da ɗakunan karatu na jama'a gidajen al'adu masu wuraren taro da na yara, guda 153 kafin 2030. Gini irin wannan jama'a yake nema, kuma tarihin waɗanda suka zo daga Afirka ta Yamma suka zama 'yan gari, wani babi ne na tarihin Makka kanta. Wajibi ne kuma a kiyaye sirrin iyalan da zamansu bai daidaita da hukuma ba, kada aikin adana tarihi ya zama sanadin tona asirin wani.

Haɗarin da ya rage daga cikin gida yake. Kowa ya san yadda bikin ƙaddamar da littafi ya koma a Nijeriya, inda ake jera manyan baƙi, maroƙa su yi kirari, attajiri ya yi alkawarin miliyoyin da ba lalle su fito ba, a tashi babu wanda ya buɗe littafin. Idan ƙungiyar ta bi wannan hanya, za ta mutu bayan walima ta biyu. Haka kuma idan aka shigo da rigimar ɗariƙa da Izala ko ta jam'iyyun siyasa, rabin gidajen za su rufe akwatunansu. Takardar Batijjane da ta Baƙadire da ta almajirin Darul Hadis duk tarihi ne, kuma daraja ɗaya za a ba su wajen adanawa. Ma'aunin kowane taro shi ne a ƙarshen shekara a faɗi takardu nawa aka ɗauka a hoto, dattawa nawa aka naɗi muryarsu, yara nawa suka iya karanta wasiƙar kakansu, da kuma inda kowane riyal ya tafi.

Hukumar Alhazai ta Nijeriya da takwararta ta Nijar, da ofisoshin jakadancin ƙasashen biyu a Jidda, suna da rawar da za su taka wajen gabatar da buƙatar ga mahukuntan Sa'udiyya. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna, da Jami'ar Bayero ta Kano, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, suna da ƙwararrun da za su koyar da yadda ake riƙe tsohuwar takarda, su kuma ajiye kwafi a gida domin masu bincike. Amma farawar ba ta jiran kowa daga cikinsu. Gidaje biyar da suka yarda da juna, da malami ɗaya mai karanta ajami, da matashi mai wayar ɗaukar hoto, sun isa a yi zaman farko. Dattawan da suka ji labarin Burmi da hanyar Darfur daga bakin waɗanda suka taka ta da ƙafarsu, kullum raguwa suke yi, kuma da su ya kamata a fara.